Akwati Mai Ƙofa Biyu

Elwin, Nebraska
9 ga Fabrairu, 2002

Ƙanwata Lorna,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Bev da yara. Da fatan kina lafiya, kuma duwatsun Colorado ba su sa kin manta da mu mutanen fili ba. Mama tana gaishe ki. Ƙugun nata da sauƙi, har ta koma faɗa da likita, wanda a wurina shi ne alamar warkewa. Ta ce in gaya miki waya ba ta cizo. Na ce mata ke kika hana a yi miki maganar aiki ta waya ko ta saƙon kwamfuta, wai lauyoyin kamfaninku suna bin komai. Shi ya sa na zauna da biro kamar ɗan firamare.

Ga labari, ki zauna kafin ki karanta. Asibitinmu zai daina ajiye hotunan ƙashi da na ƙirji a fim. Duk za su koma cikin akwatin ajiya guda mai cike da faya-fayai, zaren gilashi ya riƙa kai su ɗakin likitoci da haske. Za a kwashe tsofaffin fina-finan daga ɗakin ƙasa, a mayar da wurin ɗakin gashin ƙashi. Hukumar asibiti ta ɗora mini zaɓen akwatin, tunda ni ne shugaban sashen kwamfuta, sashen da ya ƙunshi ni da kujerata.

Kamfani uku suka zo. Na zaɓi naku, Korvane.

Dillalinku, wani Kip Landry, mutum ne mai fara'a. Ya kai ni cin gasasshen naman shanu a Ogallala, ya kira ni shugaba har na fara waiwaye ko wani yake nufi. Amma ba naman ne ya saye ni ba. Sharaɗina ɗaya ne: akwatin ya zama mai hanya biyu, in ɗaya ta mutu ɗaya ta ci gaba, don ba a ce wa likitan da ya buɗe cikin mutum ya jira a gyara na'ura. Kip ya kawo na gwaji, ya sa hoto yana gudana, ya miƙo mini zaren dama ya ce, "Fizge, shugaba. Kada ka ji tausayinsa." Na fizge. Hoton ko gezau. Ya mayar, na fizge na hagu. Haka nan.

Yanzu ga inda za ki yi alfahari da ni. Lauyar gunduma, Misis Oberle, ta tambaye ni mene ne hanya biyu a shari'ance. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙanwata ce editar ƙamus ɗin kwamitin ƙa'idoji, wanda duk masu wannan sana'a suke komawa gare shi in gardamar suna ta tashi. Muka rubuta a kwangila: hanya biyu kamar yadda ƙamus ɗin ya bayyana. Kip ma ya taimaka, ya ce a ƙara "a bugun da ke aiki ranar karɓar kaya", don kada mu tsaya a baya. Kin ga mutum mai gaskiya ke nan.

Za su kafa akwatin a Maris. Ranar 16 ga Afrilu zan yi gwajin ƙarshe in sa hannun karɓa. Ki zo ki gani, ko don ki ci kolacen Mama, burodin nan nata mai cuku ko 'ya'yan itace a ciki.

Yayanki,
Wendell

*

Longmont, Colorado
17 ga Fabrairu, 2002

Mista Haugland,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma tafkin ya daskare yadda kake so don kamun kifinka. Na san ka ce in riƙa kiranka Orv tun ranar da ka yi ritaya. Bakina ya kasa.

Na dawo daga taron kwamiti a Dallas, kuma har yanzu ina jin ƙarnin otal ɗin a rigata: dardumar da ta sha kofi tun kafin a haife ni, da warin soyayyen ƙwai da ya kwana. Ka yi sa'a da ba ka zo ba.

Ka tuna ma'anar hanya biyu, tunda kai ka rubuta ta: hanyoyi biyu daga kwamfuta zuwa faifai, waɗanda ba su haɗa wani sashe da mutuwarsa za ta tsayar da su duka ba. Safiyar Laraba shugabana a Korvane, Dirk Pellam, ya miƙe ya ce wannan ma'ana ta tsufa, tana rikita masu saye. Ya kawo tasa: hanyoyi biyu su ne ƙofofi biyu dabam-dabam da kwamfuta za ta iya isa ga faifai ta cikinsu. Ya karanta ta yana ɓare 'ya'yan furen rana da haƙori, yana tofa ɓawon a kofin takarda da ke kusa da gwiwar hannuna.

Da sabuwar ma'anar, akwatin da ke da ƙofa biyu a baya amma ƙwaƙwalwa ɗaya a ciki ya zama mai hanya biyu. Za ka iya cire kowane zare ya ci gaba da aiki. Ranar da ƙwaƙwalwar ta ƙone, ƙofofin biyu za su mutu tare. Ban ce na san wani akwati irin wannan ba. Na sa hannu a takardar riƙe sirrin kamfani, kuma ina nan a kanta. Ma'ana biyu kawai na ajiye maka.

Ɗakin ya cika da fuskokin da ban taɓa gani ba. Ƙananan dillalan Korvane ne, an yi musu rajistar zama mambobi a kaka. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni a wurin shan kofi ko hasken da ke cikin zaren yana ƙarewa a sake cika shi. Da aka zo ɗaga hannu, ya kalli Pellam tukuna, sannan ya ɗaga. Wata injiniya daga wani kamfani ta ce, "Dirk, wannan ai kamar ka yi wa ɗaki taga biyu ne ka ce gida biyu." Ya ce, "Haba Joanne, ba mu hana kowa gina gida biyu ba. Suna kawai muke gyarawa." Aka yi dariya, ma'anarsa ta yi rinjaye. Na rubuta sakamakon, domin aikin edita ke nan: ba ni da ƙuri'a, biro kawai gare ni.

Yanzu za a aika wa mambobi takardar zaɓe ta gidan waya. Za a rufe a ƙarshen Maris, a buga sabon ƙamus a makon farko na Afrilu, da sunana a bango.

Na iso gida na tarar da wasiƙar yayana Wendell. Shi ke kula da kwamfutocin asibitin garinmu a Nebraska, asibitin da babu wani sai an yi tafiyar awa biyu. Ya zaɓi akwatin Korvane don hotunan marasa lafiya, saboda ni. Kwangilarsa ta jingina da ƙamus ɗinmu, bugun da ke aiki ranar karɓa, wato 16 ga Afrilu. Dillalin ne ya ba shi shawarar wannan jelar. Da na karanta wurin sai da na tashi na wanke hannuna, ban san dalili ba.

In sabon bugu ya riga wannan rana fitowa, ko me Wendell ya gano a akwatin, dole ya karɓa.

Ban rubuto don in roƙi komai ba. Kai kaɗai ne na san za ka fahimta ba sai na zana hoto ba.

Taka cikin girmamawa,
Lorna Dvorachek

*

Longmont, Colorado
18 ga Fabrairu, 2002

Wen,

Na gode da wasiƙarka. Ka gaishe da Bev da yara, ka ce wa Mama zan kira ranar Lahadi bayan coci, kuma ta daina hawa kujera don ɗauko kwano.

Ba zan ce komai a kan kayan kamfanin da nake wa aiki ba, mai kyau ko marar kyau. Ka riƙe wannan, kada ka tambaye ni. Abin da zan gaya maka shi ne abin da nake gaya wa duk wanda ya tare ni a taro, ko akwatin wa zai saya.

Cire zare ba gwaji ba ne. Zare shi ne abin da dillali yake so ka cire. Ranar karɓar kaya, ka zagaya bayan akwatin da kanka, ka cire duk abin da aka yi shi don ya ciru: zare, wayar wuta, fanka, da allunan ƙwaƙwalwarsa da ke zamewa waje, ɗaya bayan ɗaya, akwatin yana aiki. Ka yi da kwafen hotuna, ba na ainihi ba. Kada ka bari a fitar da fim ko ɗaya daga ɗakin ƙasa kafin ka yi haka.

Sannan ka tambayi Mama labarin famfunan Baba biyu, a dusar ƙanƙarar shekarar da aka haifi Curt ɗan Anti Vi. Kana makarantar kwana a Kearney lokacin, ni ina gida. Ka bar ta ta ba ka shi har ƙarshe, kada ka katse ta yadda ka saba.

Game da ambaton ƙamus a kwangila, na san don ni ka yi. Da ka tambaye ni tukuna.

Ba na jin zan samu zuwa ranar 16.

Ƙanwarka,
Lorna

*

Elwin, Nebraska
27 ga Fabrairu, 2002

Lorna,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka, ko da yake daga wasiƙarki ba a gane ko mutum ne ya rubuto ko na'urar banki.

Na aiko miki da albishir, kin aiko mini da darasi. "Da ka tambaye ni tukuna." To, ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Mu mutanen ƙauye ba mu san sai an nemi izini kafin a yi alfahari da ƙanwa ba.

Na yi wa Kip maganar cire allo. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba ya cikin tsarin gwajin da kamfani ya amince da shi, kuma in na taɓa allo ba tare da injiniyansu ba, garanti ya tashi. Ya ce, "Wa ya sa maka wannan a kai, shugaba? Abokan hamayya?" Na ce a'a, wata ce da ta yi karatu da yawa. Ban ambaci sunanki ba, kada ki tsorata.

Ki duba halin da nake ciki. Na tsaya gaban hukumar asibiti, mutanen da suka san ni tun ina sayar musu da masara a bakin titi, na ce wannan akwati shi ne. Shugaban hukumar ya riga ya yi wa masu gashin ƙashi alkawarin ɗakin ƙasa a watan Mayu. Yanzu in koma in ce musu me? Ƙanwata ta ce in tambayi Mama labarin famfo?

Kuma na san famfunan. Ɗaya a rijiyar gabas, ɗaya a ta yamma. Baba yana taƙama da su a kantin abincin dabbobi, wai shanunsa ba za su taɓa kwana da ƙishi ba. Mene ne a ciki?

In akwatin ba shi da kyau, ki ce ba shi da kyau. Ni yayanki ne, ba lauya ba. In kuma yana da kyau, ki daina sa ni juyi a gado. Wannan magana rabi-rabi ita ce abin da na tsana a mutanenku: kowa ya san abu, kowa ya sa hannu ba zai faɗa ba, sai a bar na ƙasa ya taka.

Bev ta ce kada in aika wannan. Na aika.

Wendell

*

Grand Marais, Minnesota
4 ga Maris, 2002

Malama Dvorachek,

Na karɓi takardarki, na gode. Ina lafiya daidai gwargwadon mai shekaruna. Kifi ya ƙi, ƙanƙara ta yi kauri, gwiwa tana ƙara. Tunda kin ƙi Orv, ni ma na koma sunan gidanku.

Kin ce ba ki roƙi komai ba. Kin roƙa, kuma da kyau kika yi shi.

Na karanta ma'anar Pellam sau ɗaya, ya ishe ni. Mun rubuta tsohuwar ne bayan wani banki ya kwana biyu a rufe saboda irin wannan akwati, tun ana amfani da wayar tagulla mai kaurin babban yatsa. Na zaci an gama da wannan ƙazanta. Ashe wanka kawai ta yi ta dawo da sabon suna.

Har yanzu ni mamba ne. Ba kamfanin da ke tsaya mini, ni nake sabunta rajistata, matata tana cewa wasu tsofaffi suna tara agoguna, nata tsohon yana tara takardun zaɓe. Tawa ta iso jiya. Ƙuri'ata ɗaya ba za ta kayar da taron dillalai ba, za su ci zaɓen. Amma kin san dokar, tunda na sha azabtar da ke da ita: wanda ya ce a'a dole ya kawo dalilansa a rubuce, edita kuma dole ta duba kowane dalili ta yi masa hukunci. In ta ce gyaran rubutu ne kawai, waƙafi ko harafi, sai ta gyara a wuce wurin bugu. In ta ce ko guda ɗaya ya taɓa ainihin fasaha, dole a mayar wa dukan mambobi, a ba su wata guda su sake dubawa kafin a buga komai.

Zan ce a'a. Zan riƙe takardar sai ranar rufewa, don kada a samu lokacin yi mata dabara. Dalilaina suna da yawa, na fara daga shafin farko da fensir, kuma gaskiya akwai waƙafan da suka daɗe suna ba ni haushi. A tsakiyarsu akwai guda ɗaya a kan hanya biyu. Ba na waƙafi ba ne, kuma duk mai ido zai gani.

Daga nan ba hannuna. Ke za ki rubuta a gefensa ko rubutu ne ko fasaha. Pellam zai tsaya a kanki lokacin da kike rubutawa. Ni ba abin da zai iya yi mini, sai dai ya hana kifi cin ƙugiya, kuma wani ya riga shi. Ke kina da gidan da kike biya da kujerar da shi ya ba ki. Ba zan ga laifinki ba ko wanne kika rubuta. Zan dai sani.

Naki,
Orville Haugland

*

Longmont, Colorado
3 ga Afrilu, 2002

Mista Haugland,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Misis Haugland. Ka gaya mata ambulan ɗinka ya iso da tabon man kifi a kusurwa, sakatariyar kwamiti ta ɗauko shi da yatsa biyu.

An ci zaɓen kamar yadda ka ce. A'a biyu ce kawai, taka da ta Joanne, ita kuma kamfaninta ya sa ta janye washegari.

Jiya da hantsi Pellam ya shigo ofishina da kofinsa na ɓawo, ya rufe ƙofa, ya zauna a kan teburina, ba a kujera ba. Ya ɗaga takardunka ya ce, "Tsohon nan bai mutu ba?" Na ce da alama. Ya ce, "Waƙafi ne duk. Ki buga musu tambarin gyaran rubutu, a kai wa masu bugu ranar Juma'a."

Na ce yawancinsu waƙafi ne, kuma ka yi daidai a kusan duka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma akwai guda.

Ya ce, "Lorna, 'yar gari, kalma ce fa. Ba wanda ya taɓa mutuwa saboda ƙamus." Sai ya sassauta murya, ya ce ya san yayana yana cikin masu saye, kuma in na ba da haɗin kai zai sa a aika wa asibitinmu allon ƙwaƙwalwa na biyu na gaske a asirce, kyauta, da zarar an ƙera shi a kaka. Ya faɗi haka yana murmushi, kamar wanda ya kawo mini fure. Wato ya san abin da ke ciki, ya san wa zai cuta, har ya ware wanda za a tsame don a rufe mini baki. Ɓawo ɗaya ya maƙale masa a leɓe duk tsawon maganar. Shi na riƙa kallo, ba idonsa ba.

Na tambaye shi sauran asibitocin fa. Ya ce sauran ba su da ƙanwa a nan.

Na ɗauki biro na rubuta "fasaha" a gefen dalilinka, na sa hannu, na kai wa sakatariya da kaina, na tsaya har ta buga kwanan wata. Za a mayar wa mambobi. Ba za a buga sabon ƙamus ba sai Mayu. Ranar 16 tsohuwar ma'anarka ce ke aiki.

Wannan bai ceci kowa ba tukuna. Wendell yana fushi da ni, bai amsa kirana ba tun Fabrairu. In ya tsaya a cire zare ya sa hannu, duk wannan aikin banza ne, kuma ba ni da ikon gaya masa fiye da abin da na gaya masa.

Pellam bai yi ihu ba. Ya bar kofinsa a teburina ya fita. Yau da safe katina ya ƙi buɗe ƙofar ɗakin gwaji.

Taka cikin girmamawa,
Lorna

*

Elwin, Nebraska
17 ga Afrilu, 2002

Lor,

Muna gaishe ki, dukanmu. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ce komai, yadda kika ce in yi wa Mama.

Ranar Ista na kai ta gida daga coci, muka bi ta tsohuwar gonar. Ita ta ɗauko maganar, ba ni ba, da ta ga rijiyar gabas. Na ce ai Baba ya yi dabara da ya sa famfo biyu. Ta kalle ni kamar na zagi wani. Ta ce, "Famfo biyu, turken wuta ɗaya. Ubanku ya ƙi biyan jan waya ta biyu. Dusar ƙanƙara ta karya turken, duka biyun suka yi shiru. Ni da Lorna muka riƙa narka ƙanƙara a tukunyar wanki, 'yan maruƙa suna mutuwa a gabanmu. Shi kuwa ya ci gaba da ce wa mutane famfonsa biyu, kuma bai yi ƙarya ba." Ba wanda ya taɓa gaya mini. Na ajiye ta, na zauna a mota a ƙofar gida har Bev ta leƙo.

Jiya aka yi gwajin. Akwai ni, da Kip, da Misis Oberle, da Dakta Amundsen mai duba hotuna. Na sa kwafen hoton ƙugun Mama a allon kallo, da izininta, ta ce a nuna wa duniya aikin da likitan ya ɓata. Kip ya cire zare ya mayar, yana ta zuba. Da zai mayar da na biyu, sai ya lashi yatsa ya goge bakin gilashin, ya ƙara gogewa da lakatayen wuyansa. Ni da na sayi kayan goge zare na musamman saboda littafinsu ya ce ko numfashi kada ya taɓa shi.

Ya miƙo biro. Na ce saura kaɗan, na zagaya baya.

"Shugaba, garanti!"

Na ce kayan ba nawa ba ne tukuna, garantinku ne. Na zare allon dama. Hoton bai motsa ba, Kip ya saki numfashi ya ce, "Ka gani?" Amma Lor, allon ba nauyi. Na juya shi. Fanka ce, da 'yar fitila kore, da waya guda da ta tsallaka zuwa ɗaya gefen. An yi masa fenti da hannun riƙewa iri ɗaya da ɗan'uwansa, an sa masa fitila don ya riƙa ƙyafta wa mutane ido. Na mayar da shi, na zare na hagu.

Ƙugun Mama ya daskare a allon kallo, sannan ya ɓace. Ƙofa biyu, zare biyu, duka lafiyarsu ƙalau, ba abin da ke wucewa. Dakta Amundsen ya cire tabarau ya ce, "In da mutum ne a kan tebur fa?"

Kip ya fita ya yi waya, ya dawo ya sa lauyansu a lasifika. Mutumin ya karanto wata ma'ana mai santsi, wai hanya biyu ƙofofi biyu ne, kwamiti ya amince da gagarumin rinjaye, saboda haka akwatin ya cika sharaɗi. Misis Oberle ta bar shi ya gama. Ta ce, "An buga?" Ya ce an amince. Ta ce, "Ɗana, ban tambaye ka ko an amince ba. An buga?" Sai ya ce an ɗan samu jinkiri daga wurin edita.

Daga wurin edita. Na zauna a kan kwali.

Misis Oberle ta buɗe tsohon bugun, wanda kika aiko mini da Kirsimeti shekarun baya na sa shi a ƙarƙashin tukunyar fure, ta karanta musu ma'anar da ƙarfi. Ban sa hannu ba. Za su zo su kwashe kayansu. Fina-finai suna nan a ɗakin ƙasa, shugaban hukuma ba ya gaishe ni, masu gashin ƙashi suna kallona kamar na sace musu abincin rana. Kip ya miƙo hannu da zai tafi, ya ce ba gaba, kasuwanci ne. Hannun da ya lasa. Na sa nawa a aljihu. Naman Ogallala kuwa, da ana mayar da shi da na mayar.

Na kira ofishinki yau, wata murya ta ce ba kya tare da su. Me suka yi miki? Abin da na rubuta a Fabrairu, ki ƙona shi. Ɗakin sama yana nan, Bev ta riga ta canza zanen gado.

Yayanki, wanda ba ya jin magana,
Wen

*

Longmont, Colorado
22 ga Afrilu, 2002

Wen,

Na gode, ina lafiya. Ka gaishe da kowa.

Sun kore ni, sun ba ni kwalin kwashe kayana, mai gadi ya raka ni mota. Ban ƙona wasiƙarka ba, akwai gaskiya a cikinta.

Sabon ƙamus zai fito a Mayu da ma'anar Pellam, suna da ƙuri'un. Na sa an cire sunana daga bango. Daga ranar, akwatin nan mai hanya biyu ne a duk inda aka kai shi, kuma Kip yana da ƙananan asibitoci da yawa a gabansa kafin kaka.

Zan iso Asabar da yamma. Ka ce wa Mama kolacen cuku nake so, ba na 'ya'yan itace ba.

Na ji kuna da taron ma'aikatan kwamfuta na asibitocin karkara a North Platte wata mai zuwa. Ni na sa hannu ba zan faɗi abin da ke cikin akwatin ba, kuma takardar sirrin tana bina har bayan kora. Kai ka riƙe allon da hannunka, kuma ba ka sa wa kowa hannu cewa za ka kama bakinka ba.

Ƙanwarka,
Lor